Gidan da Aka Ja Ranar Cikar Wata

Tsibiri, farkon Janairu

Zuwa ga mijina Nibaldo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a kan dutsenka na masu nazarin taurari. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ke tashinsa duk ranar da iskar kudu ta kaɗa. Dankali ya yi fure. Kajin nan sun daina ƙwai, Baba ya ce sun koyi hali wurina.

Bayan haka, teku ta sake cin gaɓa. Itacen tuffar da mahaifiyarka ta dasa ya tafi da saiwarsa. Yanzu in na zubar da ruwan wanke-wanke daga ƙofar kicin, a teku yake sauka. Shekaranjiya dattijon nan Don Efraín Chiguay mai shanu ya biyo ta nan, suka tsaya da Baba suna duban wurin.

Don Efraín ya ce, "Belisario, tsakanin kai da gidan nan wa zai riga faɗuwa?"

Baba ya ce, "Ni sai na ci naman zaman makokinka tukuna. Amma gidan ba zai ga wani Agusta ba. Ko mu ja shi, ko teku ta ja mana."

To ka ji. Shawarar da suka yanke ita ce a yi gayya. Ta tudu babu hanya saboda kwarin nan, don haka ta ruwa za a bi. A ɗora gidan a kan gumagumai, shanu su ja shi zuwa rairayi, a ɗaura masa ganguna, in teku ta cika ya taso, jirgin Segundo ya zagaya da shi bayan tsauni zuwa gonar Baba da ke kusa da coci. Ana bukatar babbar cikar teku ta watan Maris, ko ta cikar wata ko ta duhun wata. Ka san sauran. Gidanka ne, gadon uwarka. Hannun mai gida ke ɗaure igiyar farko a cikin ruwa, kuma bakinsa ke faɗin inda ƙofa za ta kalla in an isa. Yaushe za su sake ka?

Ni dai na riga na zaɓa a zuciyata. Ina so tagar ɗakinmu ta kalli mashigin ruwa kamar yanzu, don in riƙa hango jirgi tun yana ɗigo. A nan nake zama da rana in na gama aiki. Doña Orfelina matar Don Efraín ta kawo min sabon littafi daga garin Achao, labarin wata mai ɗinki da wani kyaftin ɗin jirgi da ya tafi ya bar ta da alkawari. Kullum Baba ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Har yanzu bai dawo ba?" In ce masa saura. Ya ce, "Wannan da ƙafa yake tahowa."

Ka ba ni labarin duniyarka. Tun da ka ce akwai wata duniya da ke kewaya tauraron nan da kake aunawa nake ta gina ta a kaina. Na sa mata teku mai launin shuɗi-shuɗi, da tsibirai, da wata biyu a samanta. Ka taɓa ganinta da idonka? Kada ka amsa min da lissafi.

Taka,
Eduvina

*

Kan Dutse, ƙarshen Janairu

Eduvina tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da gwiwarsa. Ni lafiya, sai leɓe da ke tsagewa. A nan ko tawul ka jiƙa, kafin ka juya ya bushe. Wasiƙarki ta hau da motar ruwa, na karanta ta a tsaye.

Maganar itacen tuffa ta taɓa ni. Ki gaya wa Baba na yarda a ja gidan, kuma ba za a ja gidan uwata ina wani wuri ba. Ki bari in ga yadda za a raba kwanakin aiki na Maris, sai in rubuto miki. Har yanzu ba a kafe takardar ba.

Kin ce kada in yi lissafi, to bari in gwada. Ban taɓa ganinta ba, kuma ba wanda zai gan ta da wannan madubin namu na hangen taurari, duk girmansa. Tauraron ma ɗigon haske ne kawai. Kin tuna in an bar fitila a kwalekwalen da ke ɗaure can nesa, sai ki ga fitilar tana rangaji alhali ruwa kwance yake? Baba kan ce akwai babban abu a ƙasa yana jan igiya. Haka muke yi. Akwai na'urar da ke tsefe hasken tauraron kamar gashi, ta baje launukansa. In tauraron ya ɗan matso wajenmu, launukan su gusa gefe ɗaya. In ya ja baya, su gusa ɗaya gefen. Gusawar ba ta kai kaurin silin gashi ba. Shekara biyu ke nan ina auna ta, kuma wani abu na jan tauraron nan, na rantse. Dakta Renata, wadda nake aiki a ƙarƙashinta, ba ta rantsuwa. Ta ce tabo a fuskar tauraro ma yana iya yaudarar mutum haka. "Barría," in ji ta, don da sunan gidanmu take kirana, "duniyoyin da na binne sun fi waɗanda na haifa yawa."

Teku da wata biyu kuwa, ki ci gaba da riƙe su tukuna. Ba ni da abin da zan ba ki a madadinsu.

Kin sha tambayata yadda rayuwa take a nan. Wata ne sarkinmu, kamar ku. In duhun wata ya zo, dutse ya cika da manyan masana daga ƙasashe, masu neman abubuwan da ke can ƙarshen sama, waɗanda ko ƙyallin haske ba sa so. Wurin cin abinci ba masaka tsinke. In wata ya cika kuwa, sai su tattara jakunkunansu su sauka, kowa ya nufi gida, dutse ya yi tsit. Ni wannan lokacin nake jira kullum.

Ki ce wa Baba kyaftin yana hanya, ya yi haƙuri.

Mijinki,
Nibaldo

*

Tsibiri, tsakiyar Fabrairu

Nibaldo nawa,

Gaisuwa da begen ganinka. Muna lafiya. Na aiko maka da man kaɗe a cikin ƙaramin gwangwani saboda leɓen, kada ka ba kowa.

Ina da albishir, kuma ni na shirya shi da kaina. Ba sai ka jira takardarsu ba. Da na karanta inda ka ce in wata ya cika kowa na sauka ya nufi gida, kuma lokacin kake jira, sai na ce ashe abin a fili yake. Wa zai nemi tauraro a farin wata? Ko yaro ya san sai da duhu suke fitowa. Don haka na tsayar da ranar gayya: cikar watan Maris. Don Efraín ya ce cikar tekun ranar ta fi ta duhun wata ma.

Mutane suna ta tambayar rana saboda tonon dankali na matsowa, shi ya sa ban tsaya ba. Da yake ba ka nan, ni da Baba muka yi yawon roƙo gida-gida. Na sa rigar nan mai ruwan toka. A kowace ƙofa Baba ya cire hula ya ce, "Roƙo muka zo, a madadin surukina." Babu wanda ya ce a'a, amma sai da suka ɗanɗana mana.

Tsohuwa Ercilia ta ce, "Mai ƙirga taurarin zai zo kuwa? Ko hotonsa za a ɗaura wa igiya?"

Na ce, "Zai zo, Inna. Ranar ba su da aiki."

Ta ce, "Allah ya sa. Nawa mijin da ya tafi askin tumaki a Ajantina, shi ma ranar ba su da aiki."

Baba bai ji daɗin wannan ba. A hanya ya ce min, "Yaron nan a gabana ya koyi tuƙa kwalekwale. In ya ce zai zo, zai zo." Ka ga yadda yake tsaya maka a bayan idonka, ko da yake a gabanka sai ya ce hannunka ya yi laushi kamar na fadan coci.

Mun samu shanu jeri biyu, bakwai-bakwai, da jirgin Segundo, da ganguna daga wurin masu kiwon kifi. Za a yanka aladen nan da tumaki biyu. Ni da doña Orfelina za mu goge dankalin waina, giyar tuffa kuma tana ganga tun bara. Mako guda kafin ranar, maza za su cire tagogi, su ɗaure gidan da sanduna ta ciki, su ɗaga shi daga kan duwatsunsa.

Ina ta ganin abin a idona. Gida yana tafiya a kan ruwa, hayaƙi ma kamar yana fita ta bututun murhu, kai a tsaye a ƙofa rigarka a jiƙe, ni a gaɓa ina ɗaga maka hannu. Ko a littafi ban karanta irin wannan ba. Mai ɗinkin nan dai har yanzu tana jira, amma an ce an ga jirginsa a wata tasha.

Ka taho da takalmin roba, naka na nan ɓera ya ci.

Taka har kullum,
Eduvina

*

Tsibiri, Maris

Nibaldo,

Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Jiya da azahar muna kicin ɗin doña Orfelina, mu mata wajen goma muna goge dankali, rediyo a kunne ana karanta saƙonnin tsibirai kamar kullum. Wane ya ce a tarye shi da doki, wance ta haihu a Castro. Sai na ji sunana. "Zuwa ga Eduvina Cárcamo, daga mijinta a arewa. Ba zai samu zuwa ranar cikar wata ba. A ɗaga gayya zuwa duhun wata. Wasiƙa na tafe." Mutumin ya maimaita, yadda suke yi.

Ƙarar magogi kawai kake ji. Can tsohuwa Ercilia ta ce, "Miƙo min gishiri, 'yar nan," da wata murya mai taushi da na gwammace ta zage ni.

Ka san babu gidan da ba a kunna rediyo a wannan lokacin. Duk tsibirin nan ya ji, har da masu jirgi a kan ruwa.

A ɗaga zuwa yaushe? Gidan yana kan gumagumai tun ranar Litinin, babu tagogi, bakinsa a kan rami. An yanka alade. Segundo zai tafi kudu da jirginsa bayan cikar wata, shanu kuma za su shiga gonaki. Don Efraín ya zo da yamma yana juya hula a hannu, ya ce in iskar arewa ta taso gidan yana haka, ba sai an nemi shanu ba.

Ya ce, "Amma igiyar farko fa? Sai in sa babban ɗana ya shiga."

Baba ya ce, "Ɗanka gidan ubansa ne?"

"Belisario, ruwan Maris ne. Kai ko wanka sai an yi maka wa'azi."

"Ni na cire hula a ƙofar mutane. Ni na ce zai zo. Wanda ya yi roƙo shi ke shiga ruwa."

Na roƙe shi har na yi kuka. Ya ce in je in duba wainata.

Ban gane ba, Nibaldo. Kai ka rubuta cewa kowa na sauka. Na ɗauko wasiƙar na sake karantawa har takardar ta yi laushi. In akwai wani abu a can da ya riƙe ka, ko wata, gara ka faɗa min da hannunka kafin rediyo ya faɗa min. Jibi za mu ja.

Eduvina

*

Kan Dutse, Maris

Eduvina,

Ina gaishe ku. Ina rubutu da sauri don motar ruwa na shirin sauka. Wasiƙarki ta Fabrairu sai yau ta iso, ta yi kwanaki a ofishin da ke gindin dutse. Na kira gidan rediyo nan take, don ban san wata hanyar da za ta riga ranar ba.

Me ya sa ba ki jira ni ba? Na ce ki bari in rubuto. Kowa na sauka in wata ya cika, gaskiya ne, amma ban da mu. Tauraronmu mai haske ne, farin wata ba ya hana mu auna shi. Shi ya sa ake ba masu neman duniyoyi kwanakin da manya ba sa so. Duk aikina na shekara biyu a farin wata na yi shi. Na ɗauka kin sani. Yanzu da na duba, ban ga inda na taɓa gaya miki ba. Kullum abin da zai yi miki daɗin karantawa nake zaɓa.

Kuma wannan cikar watan ba kamar sauran ba ce. In lissafina daidai ne, duniyar nan ba da'ira take yi ba. Tana yin nisa ƙwarai, fiye da shekara, sannan ta faɗo ta wuce dab da tauraron cikin 'yan kwanaki. A waɗannan kwanakin ne kawai take fizgarsa da ƙarfin da ba mai iya cewa tabo ne. Kwanakin sun faɗo a makon nan. In ya wuce, sai baɗi warhaka da wasu watanni, kuma akwai wasu Turawa da ke bin tauraron nan da nasu madubin.

Ba zan ɓoye miki ba, na je wurin Dakta Renata. Ba ta hana ni ba. Ta ce, "Ka tafi in za ka tafi, zan sa wani a kujerar. Amma wanda ya zauna, shi ya gani." Na fita na daɗe a tsaye a waje. Sannan na koma na ce zan zauna.

Ku ɗaga zuwa duhun wata, don Allah. Mako biyu ne kawai. Gidan da ya yi shekara hamsin a wurin zai iya ƙara mako biyu. Zan zo in shiga ruwan, in cire hula a kowace ƙofa in ba da haƙuri. Kada ki bar Baba ya ɗaga ko sanda.

Nibaldo

*

Kan Dutse, Afrilu

Eduvina tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa. Shirunki ya dame ni. Wasiƙarki ta ranar rediyo ta iso, na karanta, kuma na cancanci kowane layi, ban da zancen wata. Babu wata. Da na ga ba ki sake rubutowa ba sai na kira kantin Mansilla a Achao, yaron kantin ya ce ai gida ya haye lafiya, har mutane sun yi rawa. Na zauna a ƙasa don sanyin rai. Ashe kun iya ba tare da ni ba. Na san fushi kike, kuma kina da gaskiya.

Eduvina, tana nan. Duniyar tana nan. Daren farko launukan suka fara gusawa, dare na uku suka yi tsalle irin wanda ban taɓa gani ba, daidai inda na ce za su yi. Dakta Renata ta daɗe tana duban allon, sannan ta cire tabarau ta ce, "To, Barría, wannan ba za mu binne ta ba."

Ga abin da muka sani game da ita. Babba ce, ta fi duniyarmu nauyi sau ɗaruruwa, kuma da alama iska ce zalla, babu ƙasar da za a taka. Ki yi haƙuri da tekunki da tsibiranki. Yawancin shekararta tana can nesa cikin sanyi da duhu, tana tafiya a hankali. Sai ta juyo, ta yi ta ƙara gudu, ta zo ta wuce gaban tauraron har fuskarta ta yi zafi kamar bakin murhu, kwana kaɗan, ta sake ficewa. Haka take yi tun kafin a yi mutane. Sunanta a takarda lambar tauraron ce da ƙaramin harafi a gefe, amma a nan kowa Eduvina yake ce mata. Har mai dafa abinci.

Zan sauka Santiago mu rubuta sakamakon kafin Turawan nan su farga. Daga nan sai gida, cikin Mayu, mako guda cur. Ku bar gidan a kan gumagumai in ba a riga an sauke ba, ina so in faɗi inda ƙofa za ta kalla, ko wannan kaɗai in yi. Na san wajen da kike so.

Na saya wa Baba maganin shafawa na gwiwa, da hular ulu irin ta mutanen arewa mai rufe kunne. Ki ce masa na san zai ce ta mata ce. Wa ya ɗaure igiyar farko, ɗan Don Efraín?

Mijinki mai neman afuwa,
Nibaldo

*

Tsibiri, farkon Mayu

Nibaldo,

Na gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun iso tare a jirgi ɗaya, don iskar arewa ta hana ƙetarawa kusan wata guda. Ni lafiyata ƙalau. Baba ya rasu ranar Laraba ta makon Ista. Mun binne shi kusa da Mama.

Zan gaya maka yadda aka yi, tun da ka tambayi wanda ya ɗaure igiya.

Ranar ta yi kyau, yaron kanti bai yi maka ƙarya ba. Shanu suka ja, maza na ihu, gidan ya gangara rairayi yana ƙara kamar mai ciwon baya. Aka jera ganguna. Da ruwa ya fara hawa, Baba ya tuɓe rigar sama ya shiga da igiya a kafaɗa. Ɗaurin farko bai kama ba, don gungumen gaba ya murɗe, sai da ya kwance ya sake. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ɗan Don Efraín ya shiga zai karɓa, Baba ya ce masa, "In ka taɓa igiyar nan sai na gaya wa uwarka inda kake kwana ranar Asabar." Mutane suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya gani. Da ya fito leɓensa ya yi shuɗi, aka ba shi giya mai zafi, ya ce ba komai.

Gidan ya taso, ya bi jirgin Segundo ya zagaya tsauni. Ƙofar a buɗe take, ba kowa a ciki. Ina gaɓa, ban ɗaga hannu ba.

An ci, an sha, an yi rawa. Baba har ya taka da tsohuwa Ercilia. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kama shi, sai tari, sai numfashi ya koma kamar ana jan zarto. Ma'aikaciyar jinya ta ce huhu ne, a kai shi Achao. A ranar iskar ta taso. Ba jirgin da ya iya fita. Ta ba shi abin da take da shi.

Na ce zan aika maka ta rediyon coci. Ya riƙe min hannu ya ce, "Kada ki kira shi. Yana aiki. In an fara abu a gama shi." Bayan ya tafi kuma, ni ce ban aika ba. Ban so a karanta sunansa da azahar tsakanin mai neman doki da mai haihuwa.

A gidan doña Orfelina muka yi jinyar. Akwatin littattafaina na manta shi a ƙarƙashin gado ranar jan gida, ruwa ya shiga, duk suka kumbura. Na jera su a bayan murhu suna bushewa. Wata rana da rana ya buɗe ido ya ce, "Ɗauko na kyaftin ɗin nan. Karanta min, in ji ƙaryar da kike sha." Na riƙa karanta masa kullum kaɗan-kaɗan. Yana gyara wa marubucin, wai ba a juya jirgi haka. Da muka zo ƙarshe, shafukan sun manne sun zama kamar katako. Na sa wuƙa, takardar ta yage.

Ya ce, "To? Ya dawo?"

Na riƙe littafin kamar ina karantawa, na ce ya dawo. Na ce ya shigo da safe da cikar ruwa, ya ɗaure jirginsa da hannunsa, ya hau tudu.

Ya ce, "Na gaya miki. Da ƙafa yake tahowa, amma yana tahowa."

Bai ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan.

Na karanta bayaninka na farin wata. Na gane yanzu. Ni na tsayar da rana ban tambaya ba, kai kuma ka tsaya a waje ka koma ciki. Na auna su biyun nan har na gaji, ban san wanne ya fi nauyi ba, kuma ba na son ka zo ka taya ni aunawa. Na yi murna da duniyarka ta tabbata. Da ta zama tabo, da ban san inda zan sa kaina ba. Amma ka roƙe su su daina kiranta da sunana. Ni ban taɓa zuwa ko'ina ba.

Littattafan na ba doña Orfelina ta hura wuta da waɗanda suka lalace. Hular ka ba mai dafa abincinku.

Maganar ƙofa. Maza sun bar gidan a kan gumagumai a gonar Baba kamar yadda aka saba, suna jiran mai gida. Bayan kwana tara na addu'a sai Don Efraín ya zo ya ce sanyi ya shigo, ba a barin gida a rataye, kuma ba wanda ya rage sai ni. Ya kawo shanu huɗu. Ya ce, "Ina za ta kalla, 'yata? Mashigin ruwa ko?" Har ya fara juya shanun, don kowa ya san inda nake zama.

Na ce a juya ta wajen gona.

Ya dube ni, ya juya shanun. An sauke gidan a kan sababbin duwatsu, an mayar da tagogi. Daga ɗakinmu yanzu dankali ake gani, da katangar coci, da wurin da Baba yake. Dankalin nan ni zan tone shi, kuma duk gidan da ya ba mu hannu zan je in ba su nawa.

In ka zo cikin Mayu, kada ka ce Segundo ya sauke ka a tsohon wuri, babu komai can sai duwatsu huɗu, biyu ma sun tafi. Ka sauka a gaban coci ka hau tudu. Za ka tarar da bayan gidan. Ka zagayo, ka ƙwanƙwasa da ƙarfi, don ba zan ga jirgin ba.

Eduvina Cárcamo